YAƘI DA JAHILCI: DAGA SIKELIN GUJIYA ZUWA ASUSUN ƘUNGIYARMU

Dattijai, iyayenmu mata, da ƴan uwa masu bida a Yamai, Kano, Ikko da Abijan,

A taronmu mai zuwa za a kawo maganar buɗe makarantar manya a gari, da kuɗin da za ta ci. Kafin kowa ya ce i ko a'a, mun ga ya kamata mu waiwayi tarihin wannan aiki a ƙasarmu, don wanda bai san inda aka fito ba, da wuya ya san inda za a dosa.

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai, ran 3 ga Agusta 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Malaman allo da almajiransu suna rubutun ajami tun kaka da kakanni, amma takardar lanho, da rasit, da takardar asibiti duk da faransanci suke. Shi ya sa a 1963 gwamnati ta kafa ma'aikatar koyar da manya. Sunan da jama'a suka ba aikin, wato yaƙi da jahilci, ƴan uwanmu na Arewacin Najeriya sun riga mu amfani da shi tun shekarun 1950. A 1966 aka yi taro a Bamako, ƙarƙashin UNESCO, aka daidaita baƙaƙen rubuta hausa, zabarmanci, fillanci, barbarci da buzanci.

To, me ya sa magidanci da ya wuni gona zai zauna da dare gaban fitila yana a, ba, ca? Amsar tana kasuwar gujiya. A wancan zamani gujiya ce ta fi kome kawo wa ƙasa kuɗi. Manomi ya kai buhunsa, mai awo ya ɗora bisa sikeli, ya faɗi kilo, ya rubuta abin da ya ga dama. Wanda bai san lamba ba, sai ya karɓi abin da aka miƙa masa ya yi godiya. A 1962 aka kafa SONARA mai sayen gujiya, da UNCC mai kula da bashi da ƙungiyoyin manoma. Daga 1966, a jihohin Damagaram da Maraɗi, UNCC ta fara barin kasuwanni a hannun manoma: su zaɓi mai awo da mai rubutu daga cikinsu, in an gama ciniki a raba musu ribar da ta rage. Nan fa karatu ya zama abin cin tuwo. Garin da ke da mutum biyu ko uku masu karanta sikeli da riƙe littafin lissafi da hausa, ba a cutarsa a awo. Jaridun hausa irin su Ganga, da Sabon Ra'ayi ta Madawa, suka samu masu karatu a ƙauyuka. A 1973 kuma aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda yara ke fara karatu da hausa kafin faransanci.

Sai fari ya zo a 1973 da 1974, cuta ta halaka gujiya a 1975, kasuwanni suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1980 kuɗin uraniyom ya faɗi, gwamnati ta tsuke aljihu, a watan Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Tun daga nan yawancin makarantun manya suka dogara ga furoje na ƙasashen waje. Furoje ya zo da allo da alli, ya shekara uku, ya naɗe tabarmarsa, malami ya tafi bida, ɗalibai su manta abin da suka koya. A 2007 ministocin Afirka da suka taru a Bamako sun yi kira a ware wa karatun manya aƙalla kashi 3 cikin 100 na kuɗin ilimi. Duk da haka, manyan ƙasarmu masu karatu da rubutu ba su kai rabi ba, mata kuwa su aka fi bari baya.

Abu biyu muka tsinta cikin wannan tarihi. Na farko, karatun manya yakan kama ne in an ɗaure shi da abin da mutum ke ci da shi. Na biyu, yakan mutu ran da aka daina biyan malami.

Sikelin yau shi ne salula. Kuɗin da ƴan bida ke aikowa gida, da farashin albasa da wake da zogale, da takardar bashi, da ta sayen fili, duk rubutu ne da lamba. Yaron shago da ya iya rubuta bashi shi maigida ke bar wa shago, wata rana ya sallame shi da jari. Macen da ta iya lissafi ita ke riƙe littafin adashi, ba ta kai wa wani saƙon mijinta ya karanta mata asirin gidanta.

Mu malaman lakwal mun yi karatunmu da faransanci, amma mun gani da idonmu babba yakan kama baƙaƙen harshensa cikin rani guda in ya dage. Don haka ga shawararmu. Kowane ɗan ƙungiya mai bida ya riƙa zuba dala 100 a wata cikin asusu na dabam, wanda ba a taɓa shi don biki ko suna. Da shi za a biya malami, a sayi fitila mai aiki da hasken rana, da alli da littattafai. Maza su yi karatu bayan lisha, mata bayan azahar, daga ƙarshen kaka har faɗuwar ruwa. A fara da lamba da lissafin kasuwa. Dattijai kuma su kai kukanmu wajen magajin gari da sufetan yaƙi da jahilci, don a sa makarantar cikin kasafin kwamin, a horar mana da malami.

Wasu za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma Hausawa sun kuma ce gemu ba ya hana ilimi, kuma masu awon 1966 da gemunsu suka koya. Wanda ba zai samu zuwa taro ba, ya aiko da ra'ayinsa ta hannun magatakarda. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya. Amin.