Asalin Kalma: Dandali

Masana harshe suna danganta kalmar dandali da Barebari. A harshen Kanuri, dandal shi ne faffaɗan filin da ke ƙofar fadar Shehu, inda ake hawan sallah, ake kuma sanar da jama'a umarnin fada. Har yau akwai titin Dandal a Maiduguri. Da kalmar ta shigo bakin Bahaushe sai aka ƙara mata wasali, ta zama dandali, filin tsakiyar gari inda 'yan mata ke gaɗa da daddare, sankira kuma ya tsaya ya yi shela.

Yanzu kalmar ta hau waya. Facebook da WhatsApp su ne dandalin sada zumunta, kuma sunan ya dace, domin aikinsu tara jama'a ne.

A yankin Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ke bin magudanai zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir, manomi yana buƙatar sanin ranar da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are za ta saki ruwa, da farashin kwandon tumatir a Kwanar Gafan. A wannan sabon dandali, saƙon murya ɗaya ya isar, har ga wanda bai yi boko ba.

Sai dai dandali yana da ladabinsa. A da, wanda ya yi shela a fili kowa ya san fuskarsa. Ya kamata wanda zai tura labarin ruwa ko taki ya tabbatar da shi tukuna, domin abincin wani gida ya rataya a kansa.