Marc Chagall da Matarsa Bella: Tarihin Mai Zane da Abin da Ya Ƙi Yarda Ya Ɓace

A jikin duwatsun Birnin Kudu, a ƙasar Jigawa, akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari. Makiyayi ya zana saniya ne domin ita ce dukiyarsa, ita ce kuma abin da yake tsoron rasawa. Wannan ɗabi'a ta ɗan Adam, watau ya ajiye siffar abin da yake ƙauna kafin zamani ya ƙwace shi, ita ce mabuɗin fahimtar aikin Marc Chagall, ɗaya daga cikin mashahuran masu zanen fenti na ƙarni na ashirin, wanda ya shafe shekara talatin da biyar yana zana mace ɗaya.

An haifi Chagall a shekara ta 1887 a ƙasar Vitebsk, wadda a lokacin take cikin daular Rasha, yanzu kuwa tana cikin Belarus. Bayahude ne, ɗan talakawa, kuma shi ne babba cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa ɗan dako ne a rumbun wani fatken kifi. A zamanin nan gwamnatin sarkin Rasha ta keɓe wa Yahudawa yankin da za su zauna, har sai da takardar izini suke iya zama a babban birni. Bugu da ƙari, a gidajen masu riƙon addini irin nasu ba a ɗauki zanen siffar mutum sana'ar kirki ba.

A shekara ta 1909 ya haɗu da Bella Rosenfeld, 'yar wani attajiri mai sayar da kayan zinariya a Vitebsk. Yarinya ce mai ilmi, wadda ta yi karatun adabi da tarihi a Mosko. A shekarar nan ya yi zanenta na farko da ya shahara, tana sanye da farar riga da baƙar safar hannu. Iyayenta ba su yi na'am da shi ba, don a ganinsu ɗan ɗan dako mai wasa da fenti ba zai iya riƙe 'yarsu ba. Ya tafi Faris neman ƙwarewa, ya yi 'yan shekaru can, ya komo gida a 1914 da niyyar ya yi wata uku kurum. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka rufe kan iyaka. Tsautsayin nan ya zame masa gobarar Titi, domin a watan Yuli na 1915 aka ɗaura aurensu, a 1916 suka sami 'yarsu Ida.

Zane-zanen da ya yi a waɗannan shekaru su ne suka fi fito da sunansa. A cikin wanda ake kira "Ranar Haihuwa" na 1915, wanda ke ajiye a gidan adana zanen zamani na New York, an ga Bella riƙe da furanni a cikin ɗaki, mijin kuwa ya tashi sama, ya lanƙwasa wuyansa yadda ƙashin mutum ba zai yarda ba, domin ya kai ga fuskarta. A cikin "Bisa Gari", wanda ke Mosko, su biyun suna shawagi a sarari, a ƙarƙashinsu ga gidajen katako da shingaye da akuya. Abin lura shi ne, a lokacin da yake waɗannan zane-zane Turai tana cikin jini, Rasha kuma tana shiga juyin juya halin 1917. Duk da haka bai zana masoyan a wata aljannar mafarki ba. Ya ɗora su bisa garinsu na haihuwa, da lungunansa da dabbobinsa. Tun daga nan Bella da Vitebsk suka zama abu ɗaya a idonsa.

Kuskure ne a ɗauka cewa aikin Bella bai wuce ta zauna a zana ta ba. Chagall da kansa ya shaida cewa ba ya ɗaukar zane ya kammalu sai ta duba ta amince. Ita ce ta fassara tarihin rayuwarsa daga Rashanci zuwa Faransanci, aka buga a 1931. Ita ce kuma ta riƙe gidan a duk ƙaurar da suka yi. A 1918 sabuwar gwamnati ta naɗa shi jami'in kula da fasaha na Vitebsk, ya buɗe makarantar zane, amma saɓani da Kazimir Malevich ya sa ya bar ta a 1920. Suka bar Rasha a 1922, suka zauna Berlin, daga nan sai Faris a 1923. A 1937 gwamnatin Hitler ta saka ayyukansa cikin baje kolin da ta shirya a Munich don tozarta abin da ta kira gurɓataccen zane. Da Jamus ta mamaye Faransa suka tsere, suka sauka New York a watan Yuni na 1941, daidai makon da sojojin Jamus suka afka wa Tarayyar Sobiyet. Kafin shekarar ta ƙare an karkashe Yahudawan da suka rage a Vitebsk, yaƙi kuma ya rusa yawancin garin.

Ran 2 ga Satumba, 1944, kwana kaɗan bayan an 'yanto Faris, Bella ta rasu a arewacin Jihar New York bayan gajeriyar rashin lafiya. Chagall ya juya allunan zanensa suka fuskanci bango, ya yi watanni bai taɓa fenti ba. Da ya koma aiki a 1945, sai ya ɗauko wani babban tsohon zanensa ya raba shi biyu. Ɗaya ɓarin ya zama "Kewaye da Ita". A cikinsa shuɗi ya rufe ko'ina, Bella tana gefe cikin baƙin ciki, shi kuwa kansa a juye yake, a tsakiya ga Vitebsk cikin wani da'ira kamar ƙwallon gilashi. Matar da garin duka sun tafi, ya haɗa su a allo ɗaya. A wannan shekara aka buga littafin da Bella ta rubuta da Yadishanci, harshen Yahudawan gabashin Turai, a kan ƙuruciyarta a Vitebsk, tare da zane-zanensa.

Ya koma Faransa a 1948, ya sake aure a 1952, ya ƙawata rufin babban gidan wasan opera na Faris a 1964. Amma amarya mai farin lulluɓi ba ta bar zanensa ba har ya rasu a 1985 yana da shekara 97. Da ya ziyarci Tarayyar Sobiyet a 1973 bai je Vitebsk ba.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya yi daidai da abin da ɗaliban zane na kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka tsaya a kai da suka kafa ƙungiyarsu a 1958: a koyi dabarar baƙo, amma a ɗebo abin zanawa daga gida. Ɗalibin da ya fito daga Miga ko Dutse yana da nasa lungun, da nasa kogin, da fuskokin da ya sani. Chagall ya koyi sarrafa launi a Faris, amma abin da duniya take tururuwar kallo a yau shi ne 'yar mai zinariya ta Vitebsk da rufin gidajen garinsu.