Motar Batir da Motar Haidirojin: Yadda Suka Bambanta

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, 'yan kasuwa da ma'aikata suka fara neman abin hawan da ba ya shan mai. Iri biyu ake yawan ambata: motar batir da motar haidirojin. Dukansu injin lantarki ne ke tuƙa su. Bambancin yana wajen samun wutar.

Motar batir tana adana wutar da aka yi mata caji. Ita kuwa motar haidirojin, irin su Toyota Mirai da ta fito a 2014, tana ɗauke da iskar a tanki, sai wata na'ura ta haɗa ta da iskar oksijin ta samar da lantarki, ruwa kaɗai ke fita ta salansa.

Ana cika tankin haidirojin cikin kimanin minti 5, alhali cajin batir kan ɗauki rabin sa'a zuwa dare guda. Sai dai motar batir tana cin moriyar kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na wutar da aka ba ta, yayin da motar haidirojin ke tsira da kimanin kashi 30 kacal idan da lantarki aka samar da iskar. Haka kuma, babu gidan sayar da haidirojin ga motoci a Nijeriya. Ko a jihar Kalifoniya ta Amurka, kamfanin Shell ya rufe nasa a 2024.

Motar batir ta riga ta samu gindin zama: a 2020 aka fara harhaɗa Hyundai Kona a Legas, sannan a 2021 hukumar NADDC ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.

A Talata Mafara, Bakura da Maradun, tushen lamarin shi ne wuta. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 domin noman rani a yankin, an gina ta da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 3, amma ta daɗe ba ta aiki. Don haka mai niyyar sayen motar batir ya fara lissafa kuɗin faifan sola, nisan tafiyarsa a hanyar Gusau zuwa Sakkwato, da makanikin da zai duba ta, ganin cewa zafin bazara na rage ƙarkon batir.