Tsarin Mulkin Ingila a Ɗakin Jarrabawa: Tarihin Wani Darasi a Ƙasar Wurno da Rabah

Daga cikin darussan da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare suke bita kowace shekara a Wurno da Rabah da Goronyo akwai wanda ake kira darasin Gwamnati, wato ilimin da ke bayani a kan yadda ake kafa hukuma da yadda ake raba iko a cikinta, kuma kaso mai tsoka na wannan darasi an gina shi ne a kan tsarin mulkin ƙasar Birtaniya. Ɗalibin da bai taɓa wuce Sakkwato ba ana sa ran ya san cewa Birtaniya ba ta tattara tsarin mulkinta a kundi guda ba, ya san bambancin majalisar talakawa, wadda jama'a ke zaɓa, da majalisar masu sarauta, wadda ba zaɓenta ake yi ba, ya kuma iya bayyana dalilin da ya sa sarki ke zaune a gadon sarauta alhali firaminista ne ke riƙe da ragamar mulki. Wannan ilimi yana da tarihi mai tsawo a yankin, domin ya riga makarantar boko zuwa, kuma ya sauya kama fiye da sau ɗaya kafin ya zama tambayar jarrabawa.

Farkonsa yana komawa zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya zauna a Magarya, ya kuma mai da Wurno ribaɗi, wato garin tsaro da ake kafawa a bakin iyaka, inda ya rasu aka binne shi. A shekarar 1824 wani jami'in sojan ruwan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato, kuma abin da ya rubuta game da zamansa da Bello ya nuna cewa Sarkin Musulmi ya yi masa tambayoyi a kan ƙasarsa da addinin mutanenta, har ya taɓo maganar yadda Ingilishi suka mallake Indiya. Bello ya aika wa Sarki George na Huɗu wasiƙa a kan ciniki da hulɗa tsakanin ƙasashen biyu. Da Clapperton ya dawo a 1826 ya sami Bello cikin hidimar yaƙi da Gobir, ya bi shi har Magarya, amma zaman bai yi armashi kamar na farko ba, saboda baƙon yana ɗauke da saƙo da kyautai zuwa ga Shehun Borno a daidai lokacin da ake gaba tsakanin Sakkwato da Borno, kuma a kusa da Sakkwato Clapperton ya rasu cikin watan Afrilu na 1827. Bayansa Heinrich Barth, Bajamushen da ke tafiya da sunan gwamnatin Birtaniya, ya zauna a Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba. Abin lura a wannan zango shi ne, masu mulkin ƙasar ne suke neman sanin Ingila, kuma suna nema ne a matsayin masu iko da ke auna wata daula mai nisa don su san amfaninta da haɗarinta.

Waɗanda suke yin tambayar kuwa suna da nasu ilimin siyasa a rubuce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Kitabul Farƙi a kan bambancin mulkin adalci da na zalunci, ƙanensa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don shiryar da masu hukunci, shi kuma Bello ya rubuta Usulus Siyasa bisa roƙon Umaru Dallaji na Katsina, inda ya jera ginshiƙai bakwai na shugabanci, ciki har da kusantar malamai da tsayar da adalci da kula da masu sana'a da manoma da kasuwanni da hanyoyi.

Al'amarin ya juye bayan 15 ga Maris 1903, ranar da rundunar Turawa ta ci Sakkwato, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin wannan shekarar. Daga nan sanin tsarin Ingila ya zama larura ga duk mai son riƙe muƙami, domin a ƙarƙashin tsarin da Lugard ya kafa, wanda ake kira mulkin bayan fage, sarki da hakimai suna nan a kan sarautunsu amma Razdan da Di'o ne ke duba aikinsu, kuma en'e, wato hukumar gargajiya mai baitulmali da kotu da 'yan doka, tana bukatar malamai masu iya lissafin haraji da rubuta rahoto da Turanci. Makarantun farko na gwamnati a lardin an yi su ne musamman don 'ya'yan masu sarauta, sa'an nan aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 don horar da malaman makaranta, wadda daga baya ta koma Kaduna, ta sake komawa Zariya, ta zama Kwalejin Barewa.

Babu wanda tarihinsa ya fi bayyana wannan zango kamar Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, tattaɓa kunnen Muhammadu Bello. Ya yi karatu a makarantar lardi ta Sakkwato, ya shiga Kwalejin Katsina ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934, ya sami sarautar Sardauna a 1938 bayan naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. A 1948 ya tafi Ingila don nazarin yadda ƙananan hukumomi ke aiki, ya zauna a garin Richmond na yankin Yokshaya yana kallon yadda majalisun gari ke tattauna kasafin kuɗi da ayyukan jama'a. Iliminsa na tsarin Ingila na aiki ne, wanda aka koya ta gani da yi, kuma bai daɗe da dawowa ba ya sami inda zai yi amfani da shi, domin tsarin mulkin Richards, wanda ya fara aiki a 1947, ya kafa wa Arewa majalisar wakilai da majalisar sarakuna a Kaduna, na Macpherson na 1951 ya kawo ministoci, na Lyttelton na 1954 kuwa ya mai da Nijeriya tarayya, Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Majalisu biyun nan an zana su ne a kan na Landan, da shugaban majalisa da sandar girma da ɓangaren gwamnati da na adawa, kuma majalisar sarakuna ita ce takwarar majalisar masu sarauta. A wancan lokaci, wanda ya karanta yadda ake gabatar da ƙudiri a majalisar Ingila yana karanta abin da ke gudana ne a Kaduna.

A gefe guda kuma jarrabawa tana kafa nata tsarin. Kafin 'yancin kai, takardar shaidar gama sakandare daga Jami'ar Kembirij take fitowa, ita kuma Jami'ar Landan tana shirya jarrabawar GCE, wadda mutum ke iya zama ko da ba ya makaranta, kuma a cikin darussanta akwai wanda sunansa ke nufin Tsarin Mulkin Birtaniya kai tsaye. Akawuna da malaman firamare da yawa a Nijeriya sun bi ta wannan ƙofa, suna karɓar darussa ta gidan waya daga makarantun Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results College, suna karatu da dare bayan sun tashi daga aiki, saboda darasi ne da ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje, littafi da natsuwa kawai yake so. A 1952 aka kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda kowa ya sani da WAEC, bisa shawarar rahoton Dakta Jeffery na Jami'ar Landan, kuma sannu a hankali ta karɓi aikin daga hannun jami'o'in Ingila. Da manhaja ta dawo gida, sai darasin ya faɗaɗa ya ɗauki sunan Gwamnati, aka shigo da tarihin siyasar Afirka ta Yamma, amma ƙashin bayansa na Ingila bai gushe ba.

Shi kuwa tsarin da darasin ya ginu a kansa ya faɗi a Nijeriya ranar 15 ga Janairu 1966, lokacin da sojoji suka kashe Sardauna da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, ƙasar ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko irin na Amurka, kuma wanda ya fara hawa wannan kujera shi ne Alhaji Shehu Shagari, wanda shi ma tsohon ɗalibi ne kuma tsohon malami a Midil ta Sakkwato. Tun daga lokacin, ɗalibin Goronyo ko Wurno yana koyon tsarin firaminista a matsayin abin kwatance, ana tambayarsa ya kawo siffofinsa, ya bambanta shi da tsarin shugaban ƙasa, ya bayyana abin da ake nufi da alhakin bai ɗaya, wato ƙa'idar da ta ce ministoci duka suna ɗaukar nauyin shawarar da majalisar zartarwa ta yanke, ko ƙuri'ar yanke ƙauna, wadda majalisa ke kaɗawa ta sauke gwamnati. Haka kuma yana haddace sunan A. V. Dicey, malamin shari'a na Ingila da ya fayyace ma'anar fifikon doka a littafinsa na 1885, inda ya nuna cewa babu wanda ya fi ƙarfin doka kuma kowa daidai yake a gabanta.

Yanayin bita ya bi sauye-sauyen hukumomin jarrabawa. An kafa JAMB a 1978 don tace masu shiga jami'a, tsarin shekara shida na firamare da uku-uku na sakandare ya kawo jarrabawar SSCE a 1988, NECO kuma ta fara tata a 2000, ta yadda ɗalibi ɗaya kan zauna wa darasin Gwamnati sau biyu ko uku a cikin 'yan watanni. Takardar tana zuwa kashi biyu, na tambayoyin zaɓi da na rubutun bayani, sakamako kuma daga A1 ne zuwa F9, kuma mai son karanta kimiyyar siyasa ko aikin lauya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a Sakkwato a 1975, yakan dogara da wannan darasi don cika kiredit biyar da ake nema. Babban abin dogaron ɗalibai shi ne littafin tambayoyin shekarun baya da darasin yamma da malamai ke shiryawa. Lokacin bitar yana faɗowa ne cikin zafin bazara, daidai da ƙarshen aikin noman rani a fadamun Wurno da filayen da madatsar ruwan Goronyo ke shayarwa, inda yara da yawa ke taya iyayensu aikin albasa da tafarnuwa da shinkafa, kuma a shekarun nan matsalar 'yan bindiga ta ƙara wa iyalai da makarantun gabashin Sakkwato nauyi mai tsanani. Yaran da suka tashi da karatun allo suna da ƙarfin hadda, wanda ke taimaka musu ƙwarai wajen riƙe shekaru da sunayen gwamnoni, amma kashin rubutun bayani yana bukatar Turanci mai ƙwari, kuma a nan ne wanda ya fahimci batu sarai da Hausa kan rasa maki.

Akwai wani giɓi da ya kamata a faɗe shi a fili. Ɗalibi yana haddace cewa tsarin mulkin Clifford na 1922 shi ne ya fara kawo zaɓe a Nijeriya, da kujeru uku na Legas da ɗaya na Kalaba, amma sau da yawa ba a tsaya an nuna masa muhimmancin cewa majalisar da wannan tsari ya kafa ba ta yi wa Arewa doka, gwamna ne ke yi mata da shela, wato kakanninsa ba sa cikin labarin da yake bitar. Manhajar ta tanadi babi a kan mulkin Hausa da Fulani kafin zuwan Turawa, sai dai littattafan makaranta kan taƙaita shi da jerin sarautu, Waziri da Galadima da Madawaki da Ma'aji, da hukuncin cewa tsari ne mai tattara iko a hannun sarki, ba tare da ambaton muhawarar da malaman jihadi suka yi a kan iyakar ikon shugaba da wajabcin shawara da hakkin talaka ba. Sakamakon haka, yaron da ya girma kusa da hubbaren Bello a Wurno yana iya kawo ginshiƙan fifikon doka guda uku na Dicey ba tare da gargada ba, alhali bai san cewa an rubuta Usulus Siyasa ba.

Wannan ba hujja ba ce ta a rage karatun tsarin Birtaniya, domin kotunan Nijeriya da aikin gwamnati da ƙa'idojin zaman majalisa duk suna ɗauke da gadonsa, kuma wanda bai san shi ba ba zai fahimci Jamhuriya ta Farko ba, ballantana ya bi muhawarar da ke tasowa lokaci zuwa lokaci a kan ko ƙasar ta koma tsarin firaminista saboda tsadar na shugaban ƙasa. Abin da ya rage shi ne aikin malamin aji, wanda manhaja ba ta hana shi ya ajiye fifikon doka na Dicey kusa da abin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta a kan alƙali da sarki, ko ya yi bayanin majalisar masu sarauta ta hanyar majalisar sarakunan Kaduna da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya zauna a cikinta. Littattafan malaman jihadi an fassara da dama daga cikinsu zuwa Turanci da Hausa, kuma malaman jami'ar Sakkwato sun daɗe suna nazarinsu, saboda haka kayan aikin suna nan kusa da makarantun Wurno da Rabah da Goronyo ga duk malamin da ya neme su.