Tafiyar Sauro da Wasiƙar 1905

Wani mai karatu daga Tamaske ya aiko da tambaya: idan damina ta cika kududdufai a kwarin Keita, ina iyakar nisan da sauro ke yi daga inda aka ƙyanƙyashe shi? Akwai lissafinsa, kuma ya haura shekara 100.

Ronald Ross, likitan da ya gano a Indiya a 1897 cewa ƙwayar cutar maleriya a cikin sauro take girma, shi ya fara damuwa da batun. So yake ya san faɗin filin da za a tsabtace kewaye da gari. Matsalar ita ce sauro ba ya bin hanya, ya nufi gabas, ya karkata kudu, ya dawo.

A Yulin 1905 Karl Pearson na Landan ya aika wa mujallar Nature wasiƙa kan irin wannan matsalar. Mutum ya yi taku ɗaya, ya juya duk inda ya ga dama, ya sake wani takun daidai da na farko, haka sau da yawa. Ina zai tsaya? Bayan mako ɗaya Lord Rayleigh ya amsa cewa tun 1880 ya warware wannan, yana nazarin yadda sautuka ke haɗuwa.

Kowane taku yana da tsawo da alƙibla, kuma in aka tara su sai su riƙa cinye juna. Mai taku 100 yawanci bai wuce nisan taku 10 daga mafari ba, mai taku 10,000 kuwa kusan 100. Shi ya sa sauro ke cunkushe kusa da ruwa, yana raguwa a hankali.

Littattafai sun fi ambaton Pearson, don shi ya raɗa wa matsalar suna. Faransawa kan tuna da Louis Bachelier, wanda a 1900 ya yi irin lissafin kan farashin kasuwar Faris. Ni Rayleigh nake ba girman: ya riga su duka, kuma amsa ya kawo.

Sergei Bernstein a 1927, sannan Cramér da Wold a 1936, suka kafa ƙa'idar wannan lissafin da cikakkiyar hujja. Sai dai sharaɗinta shi ne babu abin da ke tura sauron gefe guda. A 2019 masu bincike sun ba da rahoton cewa a Mali sun kama sauro a sama, tsakanin mita 40 da 290, iskar dare na ɗauke da su.