Matan da yaƙin Maraɗi da Katsina ya kwashe

Gabi, can kudu da Madarumfa, tana cikin yankin da dawakan yaƙi suka yi ta tattakewa a ƙarni na 19. Bayan masu jihadi sun karɓe Katsina, zuriyar tsoffin sarakunanta suka kafa mulki a Maraɗi wajen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Daga nan hari bai yanke ba. A Gawakuke, a 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobir da Maraɗi. Daga baya Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana kai wa ƙasar Katsina farmaki.

Maroƙa sun adana sunayen sarakunan. Matan da aka koro cikin ganima kuwa, ba wanda ya ƙirga su.

Ba sansani mai waya aka kai su ba. Kurkukunsu shi ne gidan wanda rabo ya faɗa wa, ko rinji, wato ƙauyen bayi a gonar ubangida. Da asuba daka da niƙa, sai ɗiban ruwa da itace, sai dafa abincin da za a kai wa masu noma. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta bayyana yadda bayin rinjin danginta suke aikin gandu daga hantsi zuwa azahar, sannan kowa ya koma 'yar gayaunarsa. Wadda ubangida ya ƙyasa takan zama sa-ɗaka, ba sadaki, ba a nemi yardarta ba. In ta haifa masa, ba a sayar da ita, kuma ranar da ya rasu ta zama 'ya. Sauran kuwa abin da suka haifa cucanawa ne.

Babbar mafita ita ce fansa: dangi su bi sawu, su tara wuri, a yi ciniki. Mutanen Gabi na yau, da ke maƙwabtaka da dajin Baban Rafi inda 'yan bindiga ke fakewa, ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan ciniki.

Faransa ta haramta bauta a yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma a 1905, amma dokar ta daɗe ba ta shiga cikin gidaje ba. Nijar ta mai da bauta laifin hukunci a 2003, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta yanke cewa gwamnati ta gaza kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12.