Ma'anar Yanki: Daga Bakassi Zuwa Dajin Yankari

A dokokin ƙasa da ƙasa, yanki shi ne duk wurin da wata gwamnati ke da cikakken iko a kansa: doron ƙasa, koguna da tafkuna, sararin samaniyar da ke bisa, da wani sashe na teku. Yarjejeniyar Montevideo ta 1933 ta sanya takamaiman yanki cikin sharuɗɗa huɗu na zama ƙasa. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 kuwa ta mallaka wa ƙasa mil 12 na ruwa daga gaɓarta, ta kuma ba ta damar cin moriyar kifi da man fetur har zuwa mil 200.

Ga talaka, yanki shi ne inda gonarsa take, inda yake jefa taru, inda aka binne iyayensa. Wannan fahimta ba kullum take dacewa da ta takarda ba, kamar yadda shari'ar Bakassi ta nuna. Ranar 10 ga Oktoba 2002, Kotun Duniya da ke birnin Hague ta ba Kamaru yankin, tana dogaro da yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913. Najeriya ta kafa hujja da cewa yawancin mazauna wurin 'yan ƙasarta ne, masunta, kuma ita ke gudanar da mulki a can, amma kotu ta fifita rubutacciyar yarjejeniya. Shugabanni Olusegun Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agusta 2008. Ba a cika tunawa da cewa hukuncin ya shafi arewa ba: garin Darak na Tafkin Chadi, inda masunta daga Najeriya suka bi ruwan da ke janyewa har suka kafa gidaje, shi ma ya koma hannun Kamaru.

Dabbobi ma suna da yanki, sai dai babu taswira. Zaki yana shata nasa da fitsari da ruri, ya kuma kare shi daga wani zakin don abinci da matansa. Giwa tana bin tsofaffin hanyoyinta na ruwa da kiwo, shi ya sa giwayen Yankari a Jihar Bauchi kan tsallake iyakar dajin su faɗa gonakin ƙauyukan da ke kewaye, musamman idan amfanin gona ya nuna.